Bitamin D da mace-macen korona: rashinsa ne ke kisa, ko ciwon ne ke cinye shi?

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana cikinmu su warware mana. A watan Oktoba na 2021 mujallar Nutrients ta buga takardar wasu mutum uku daga Jamus, Lorenz Borsche da abokan aikinsa. Sun haɗa alƙaluman ƙasashe 19 da na bincike bakwai da aka yi a asibitoci, suka ce duk inda bitamin D ya ƙaru a jinin mutane, mace-macen korona na raguwa. Har suka ce a lissafe, idan jini ya kai nanogiram 50 a kowace mililita, mutuwa daga cutar kusan babu ita. To in haka ne, me ya hana hukumomin lafiya raba wa duniya wannan ƙwaya tun Maris na 2020 da aka ayyana annoba? Ba sabon magani ba ne, kowa ya san shi. Kuma ko ba daɗe ko ba jima wata annobar numfashi za ta sake zuwa. Amsa ta ilimi nake so, ba ta "likitoci sun ce" ba.

Aminu:
Wa alaikumus salam Malam. Ai amsar a fili take. Ba kamfanin da ke da haƙƙin mallakar bitamin D, don haka ba mai cin ƙazamar riba da shi. Da sabon magani ne mai tsada, da tuni an cika mana kunne da tallarsa.

Malam Bashir:
Malam Sani, ni aikina ƙididdiga ne, bari in taɓa gefen da na sani. Abin da suka yi a takardar nan shi ne sun ɗiɗɗiga ɗigo a kan zane, kowane ɗigo ƙasa ɗaya ce ko rukunin majinyata ɗaya, sannan suka ja miƙaƙƙen layi ya ratsa tsakaninsu. Tsaka-tsakin yawan bitamin D a alƙalumansu nanogiram 23.2 ne, kuma rabin ɗigogin suna tsakanin 17.4 da 26.8. Ita lambar 50 ɗin nan, ba wai an tara mutanen da jininsu ya kai haka ba ne aka ga ba su mutu ba. Layin aka ci gaba da ja, ya yi nisa da inda ɗigogin suka taru, inda ya taɓa sifili aka ce nan ne. Da an ƙara jan sa gaba kaɗan, sai lissafi ya ce a 60 mutuwa ta koma ƙasa da sifili, wato korona na ƙara wa duniya mutane.

Sannan kwatanta ƙasa da ƙasa abu ne mai santsi. Tun a Mayun 2020 Petre Ilie da abokansa a Ingila suka kwatanta ƙasashen Turai 20, suka nuna tsofaffin Italiya da Sifaniya sun fi na arewacin Turai ƙarancin bitamin D, kuma a can cutar ta fi yin ɓarna. Abin ya yi kyau a ido. Amma ku ɗauki Suwidin da Norway. Maƙwabta ne, hasken rana iri ɗaya suke samu, duk da haka a 2020 mace-macen Suwidin sun ninka na Norway sau da yawa. Manaus ta Brazil kuwa tana dab da tsakiyar duniya, rana ba ta yi mata fashi, amma a Janairun 2021 oksijin ya ƙare a asibitocinta mutane suka yi ta mutuwa. Kowace ƙasa da yawan tsofaffinta, da matakan da ta ɗauka, da yadda take ƙirga mamatanta.

Malam Sani:
To a ajiye ƙasashe, mu zo kan mutum ɗaya-ɗaya. A Jami'ar Chicago, David Meltzer ya duba mutum 489 da aka taɓa auna musu bitamin D cikin shekarar da ta gabaci gwajin korona. Masu ƙaranci sun fi kamuwa, ninki 1.77. A Isra'ila kuma, a asibitin Galili da ke Nahariya, an duba majinyata 253 da aka auna su kafin su kamu. Waɗanda ke ƙasa da 20 sun fi waɗanda suka kai 40 faɗawa ciwo mai tsanani har ninki 14. Ninki 14 fa, Malam Bashir. Wannan ma layi aka ja?

Zainab:
Kafin Malam Bashir ya amsa, ku ba ni dama in faɗi abin da muke aunawa a ɗakin gwaji, don nan ne ruɗanin yake farawa. Fata ce ke ƙera bitamin D idan hasken rana nau'in UVB ya sauka a kanta. Hanta ta juya shi zuwa kalsifediyol, shi ne wanda muke aunawa. Ƙoda kuma ta sake juya shi zuwa kalsitiriyol, wanda ke yin aikin. Shi wanda muke aunawa ba shi kaɗai yake yawo a jini ba, wani furotin da hanta ke yi ne ke goye da shi. Idan jiki ya shiga ciwo mai tsanani furotin ɗin nan kan ragu, ga ƙarin ruwa da ake yi wa majinyaci yana tsinka jinin, sai lambar ta faɗi.

An gwada wannan a Glasgow, an buga a 2011. Mutum 33 da aka yi wa aikin canza gwiwa, an auna su kafin aikin da bayansa. Cikin kwana biyu bitamin D ɗinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ba abin da ya canja sai tiyatar da kumburin da ya biyo bayanta. Saboda haka duk binciken da ya ɗebi jinin mai korona bayan ya kwanta asibiti, ya ga lambar a ƙasa, bai nuna mana wanne ya riga wanne ba. Kuma irinsu ne suka fi yawa a 2020. Guda biyun da Malam Sani ya kawo sun tsira daga wannan, tunda kafin ciwon aka auna.

Dakta Hadiza:
Sun tsira daga wannan, amma akwai wani ramin a gabansu. Malam Sani, su wa ke da ƙarancin bitamin D a ko'ina a duniya? Tsoho, saboda fatarsa ba ta ƙera shi kamar ta saurayi. Mai ƙiba, saboda bitamin ɗin a kitse yake narkewa, sai kitsen ya riƙe shi ya hana shi zama a jini. Mai ciwon ƙoda ko hanta. Wanda jinya ta daɗe da kwantar da shi ba ya fita rana. Mai duhun fata da ke zaune a ƙasar sanyi, wanda sau da yawa kuma shi ne direban bas ko mai goge-goge a asibiti, yana kwana a gida mai cunkoso. Yanzu ku ajiye wannan jeri kusa da jerin waɗanda korona ta fi kashewa. Mutanen dai su ne.

Masu furfura sun fi masu baƙin gashi mutuwa a kowace shekara, alƙaluma ba za su ƙaryata wannan ba. Amma rina gashi bai taɓa ƙara wa kowa kwana ba. Tambayar ita ce ko bitamin D furfura ne ko kuwa yana cikin musabbabin.

A Birtaniya akwai rumbun bayanan lafiya na UK Biobank. Claire Hastie da abokanta sun duba mutum sama da 348,000 a ciki. Da farko alaƙar ta fito: ƙarancin bitamin D, ƙarin kamuwa. Da suka saka shekaru, ƙiba, talauci da cututtukan da mutum ke ɗauke da su cikin lissafin, sai ta ɓace. Shi ma yana da tasa tawayar, jinin tun tsakanin 2006 da 2010 aka ɗiba. Na Isra'ila kuma, cikin majinyata 1,176 da aka kwantar, 253 ne kawai ke da tsohon gwaji. Lafiyayye ba ya zuwa haka kawai a auna masa bitamin D, sai da dalilin da ya sa likita ya rubuta.

Malam Sani:
Dakta, kina magana kamar bitamin ɗin ba shi da wani aiki a garkuwar jiki. Ƙwayoyin garkuwa suna da mazaunin da yake sauka a kai, kuma yana sa su fitar da katelisidin, sinadarin da ke fasa ƙwayoyin cuta. An nuna haka a kan ƙwayar tarin fuka a mujallar Science a 2006. Tun 1903 Niels Finsen ya karɓi lambar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Mura kuma kowa ya san da lokacin sanyi take zuwa a ƙasashen arewa, daidai sa'ad da rana ta yi rauni.

Dakta Hadiza:
Ban musa ko ɗaya ba, Malam. Zan ma ƙara muku hujja mafi ƙarfi. A 2017 Adrian Martineau na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 25, mutum kusan 11,000, aka buga a mujallar likitanci ta BMJ. Ba binciken sa ido ba ne, gwaji ne na ƙuri'a: a raba mutane gida biyu ba tare da zaɓe ba, a ba wasu bitamin, a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Ya ga raguwar kamuwa da cututtukan numfashi da kusan kashi 12 cikin 100. Amfanin ya fi fitowa ga masu ƙaranci mai tsanani da ke sha kullum ko mako-mako. Waɗanda aka dankara wa mai yawa lokaci guda ba su amfana ba. Don haka a farkon 2020 duk likitan da ya sa rai a kan bitamin D yana da dalilinsa. Sai dai da suka sabunta lissafin a 2021 da gwaje-gwaje 46, mutum sama da 75,000, amfanin ya sauko zuwa kusan kashi 8. Ana ƙara yawan mutane, yana ƙara tsukewa. Kuma wannan kamuwa da mura ce da makamantanta, ba mutuwa ba.

Aminu:
To Kordoba fa, Dakta? Ai na ƙuri'a ne. Mutum 76 a asibitin Reina Sofia a Sifaniya. An ba 50 kalsifediyol, ɗaya tak aka kai sashen kulawa ta musamman, ba wanda ya mutu. Sauran 26 da ba a ba su ba, 13 aka kai, biyu suka rasu. Kashi 2 da kashi 50. Wane magani ne ya taɓa yin haka aka yi shiru a kansa?

Malam Bashir:
Aminu, girman abin ne ma ya kamata ya sa ka tsaya. Idan aka raba mutum 76 kawai, sa'a na iya tura marasa ƙarfi gefe ɗaya, kuma haka ta faru. Masu hawan jini sun haura rabi a rukunin da ba a ba maganin ba, a ɗaya rukunin kuwa kusan rubu'i ne. Masu ciwon suga ma sun fi yawa a can. Ba a auna bitamin D ɗin kowa ba kafin a fara, don haka ba a san ko akwai ƙarancin da ake gyarawa ba. Mutuwa biyu a gefe ɗaya da babu a ɗaya gefen, cikin mutane kaɗan haka, ba ta isa a gina hukunci a kanta ba. Su kansu masu binciken gwajin share fage suka kira shi.

Nas Ummi:
Akwai abin da sai wanda ya yi aiki a ɗakin majinyata zai gane. A Kordoba ba a yi amfani da ƙwayar da ba komai a ciki ba, masu jinya na iya sanin wa ya sha wa bai sha ba. Shi kuma kai mutum sashen kulawa ta musamman hukunci ne na ɗan Adam. Kana tsaye a kan majinyaci da tsakar dare, abin auna oksijin a yatsarsa na nuna 90, ya koma 88, ya dawo 91. Ka ƙirga numfashinsa, ka dubi yadda kafaɗunsa ke ɗagawa, ka tambaye shi ko zai iya ƙarasa jimla ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Gado ɗaya ya rage a can, mutum biyu ke buƙata. In a ranka kana ganin wannan ya sha abin da zai taimake shi, sai ka ce a ƙara masa awa biyu a gani. Ba ha'inci ba ne, zuciya ce. Shi ya sa ake ɓoye wa kowa, har mu.

Aminu:
Na ji, Anti. Amma ai an maimaita a Basalona da mutum 930.

Malam Bashir:
An yi, a Hospital del Mar. Takardar ta fito farkon 2021 kafin masana su tantance ta, tana cewa mutuwa ta ragu da kashi 60. Ɗan majalisar Birtaniya David Davis ya yayata ta sosai. Da aka duba, ashe ba majinyata aka yi wa ƙuri'a ba, ɗakunan kwanciya aka raba: wannan ɗaki a ba su, wancan kada a ba su. Kuma ba ƙuri'a ce ke tura majinyaci wannan ɗaki ko wancan ba. Shafin mujallar The Lancet da ya ɗora ta ya sauke ta, daga baya aka buga ta a wata mujallar a matsayin binciken sa ido.

Wadda ta fi wannan muni ita ce ta Indonesiya, ta Afrilun 2020, mai majinyata 780, wadda ta nuna kusan duk masu ƙaranci sun mutu. Zanenta ya zaga duniya a Facebook da WhatsApp. Likitocin Indonesiya suka nemi marubutan a rajistar likitocin ƙasar ba su same su ba, takardar ba ta ma faɗi asibitocin da aka ɗauko bayanan ba. An janye ta, amma zanen bai daina yawo ba.

Dakta Hadiza:
Ga wanda aka yi yadda ya kamata. A Sao Paulo ta Brazil, majinyata 240 da ke kwance da korona, ƙuri'a aka yi, ba likita ba majinyaci, ba wanda ya san wa ya sha me. Rabi aka ba su bitamin D IU 200,000 lokaci guda (IU ma'aunin yawan bitamin ne), sauran kuma abin da ba bitamin a ciki. An buga a mujallar likitanci ta JAMA a Fabrairun 2021. Bitamin ya hau a jininsu kamar yadda ake so. Kwanakin asibiti: bakwai a nan, bakwai a can. Mutuwa kashi 7.6 a masu bitamin, 5.1 a ɗaya rukunin, bambancin da bai wuce na sa'a ba.

Malam Sani:
Wannan gwajin an shirya shi ne don ya faɗi. Ke da bakinki kika ce dankarawa lokaci guda ba ta aiki. Kuma an ba su ne bayan sun yi kwana goma da ciwo, alhali hanta na buƙatar kwanaki kafin ta juya shi. Rigakafi muke magana, ba ceton wanda huhunsa ya riga ya cika ba.

Dakta Hadiza:
Wannan ƙorafi ne mai tushe, Malam, ban da cewa da gangan aka yi. An kuma yi na rigakafin. Martineau ɗin nan dai, wanda bincikensa na 2017 ne jigon hujjar masu goyon baya, shi ya jagoranci gwajin CORONAVIT a Birtaniya daga Disambar 2020 zuwa Yunin 2021. Mutum 6,200. Rabi aka aika musu kayan gwaji su huda yatsa su mayar ta gidan waya, duk wanda bai kai nanogiram 30 ba aka ba shi IU 800 ko 3,200 kullum har wata shida. Waɗanda suka kamu da korona: kashi 2.6 a waɗanda ba a ba komai ba, 3.6 a masu ƙaramin, 3.0 a masu babban. A Norway an ba mutum 34,601 ko dai man hantar kifi ko man masara a lokacin sanyin 2020 zuwa 2021, ba wanda ya san wanne ya samu. Ba bambanci. Duka biyun a BMJ suka fito a Satumbar 2022.

Suna da rauni, ba na ɓoyewa. Na Birtaniya ya zo daidai da fara allurar rigakafi, masu kamuwa suka yi kaɗan. Na Norway kuwa mafi yawan mutanen da ma jininsu da isasshe, kuma abin da aka ba su IU 400 ne kawai. Wanda ya ɗan ba da fata shi ne na Faransa, tsofaffi 254 da aka ba IU 400,000 ko 50,000 cikin kwana uku da gano cutar. A kwana 14 mutuwa kashi 6 ce da kashi 11. A kwana 28 ta zama 15 da 17, tazarar ta rufe.

Malam Bashir:
Akwai kuma wata dabarar da nake so ƙwarai. Wasu mutane tun daga haihuwa ƙwayoyin gadonsu kan sa bitamin D ɗinsu ya ɗan fi na wasu, ko suna da ƙiba ko babu, talakawa ne ko masu hali. Tamkar an yi musu ƙuri'a ne tun suna ciki. Masana a Jami'ar McGill ta Kanada sun bi wannan a 2021, da masu korona sama da 14,000 da mutum fiye da miliyan ɗaya da ba su kamu ba. Masu gadon bitamin mai yawa ba su fi sauran tsira ba, a kamuwa, a kwanciya asibiti, ko a tsananin ciwo. Iyakarsa, a kan Turawa aka yi, kuma ba ya magana a kan masu ƙaranci mai tsanani.

Aminu:
Duk da haka ni dai ban yarda ba hannun kamfanoni a ciki ba.

Malam Kabiru:
Aminu ƙanena, ni a harhaɗa magunguna nake, bari in tambaye ka. Maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwar korona wanne ne? Dekzametazon. Tun wajen 1960 ake amfani da shi, ba mai haƙƙin mallakarsa, yana cikin mafi arahar magunguna. Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya ba mutum 2,104, aka kwatanta su da 4,321. Ranar 16 ga Yunin 2020 aka sanar: ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. A ranar aka fara ba da shi a asibitocin Birtaniya, duniya ta bi. In da ana binne magani don yana da araha, da shi za a fara binnewa. Su ma masu sayar da bitamin kamfanoni ne, kuma cinikinsu ya bunƙasa a lokacin annobar.

Kuma an taɓa ganin irin wannan. An daɗe ana lura cewa masu sinadarin beta-karotin da yawa a jini ba su cika kamuwa da kansar huhu ba. Aka gwada a Finland a kan maza masu shan sigari 29,133. Sakamakon 1994: masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai lissafin nan ya fi ƙarfina. Dakta, a taƙaice, mu da shekaru suka ja, mu sha ko kada mu sha?

Dakta Hadiza:
Amin Hajiya. Idan kuna cikin waɗanda ba sa samun rana sosai, ku sha, amma don ƙashi da tsoka, nan ne amfaninsa ya tabbata. Rashinsa na sa ƙashin babba ya yi laushi yana ciwo, na yaro kuma ƙafafu su lanƙwashe. A Amurka abin da aka tsayar a 2011 shi ne IU 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma 800. A Birtaniya 400 suke cewa, a watannin sanyi. Kada a wuce 4,000 a rana sai da umarnin likita. Gwamnatin Birtaniya ta ware wa mutum miliyan 2.7 masu rauni bitamin kyauta daga Janairun 2021 saboda kulle ya hana su fita, alhali a Disambar 2020 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin ƙasar ƙa'idojin magani, ta ce kada a ba da shi don rigakafi ko maganin korona kaɗai. Abu biyun ba su ci karo ba. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya sha ƙwaya ya ɗauka ya gama, ya ƙi allurar rigakafi, ko numfashi ya yi masa wuya ya zauna a gida yana ƙara yawan ƙwayar.

Zainab:
Ƙari kaɗan, Hajiya: zama a bayan gilashin taga ba ya yi, gilashi na tare UVB. Mai duhun fata kuma yana buƙatar lokaci a rana fiye da mai haske. A birane irin Boston, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko an fita ranar ba ta ƙera komai.

Malam Sani:
Ni har yanzu ina ganin 600 ta yi kaɗan. An auna Masai da Hadza a Tanzaniya, aka buga a 2012, mutanen da ke yini a fili. Matsakaicinsu kusan nanogiram 46. Wannan shi ne jikin ɗan Adam kafin ofis da mota. Kuma ku kanku kun yarda ba gwajin da ya tara masu ƙaranci mai tsanani zalla, ya ba su kullum, ya jira annoba.

Malam Bashir:
Ba a yi wannan ba kam, kuma da wuya a yi, don ba kwamitin ɗa'a da zai yarda a gano mutum na da ƙaranci mai tsanani sannan a ba shi ƙwayar da ba komai a ciki na tsawon watanni. A kan wannan rukunin ƙofa a buɗe take, ana kuma yi musu magani ko da annoba ko babu. Amma Masai sun nuna mana abin da rana ke yi ne, ba su nuna cewa kai jini 46 da ƙwaya na hana mutuwa ba. An ɗaga jinin dubban mutane a manyan gwaje-gwaje. VITAL a Amurka, mutum 25,871, IU 2,000 kullum na kusan shekara biyar: kansa da ciwon zuciya ba su ragu ba. D-Health a Ostireliya, tsofaffi 21,315, IU 60,000 duk wata: mutuwa ba ta ragu ba.

Malam Kabiru:
Kuma a daina cewa ba ya cutarwa. Ba ya fita a fitsari kamar bitamin C, taruwa yake. A Ostireliya an ba mata tsofaffi 2,256 ko dai IU 500,000 sau ɗaya a shekara ko ƙwayar da ba komai, aka buga a 2010: masu bitamin sun fi faɗuwa, sun fi karaya. A lokacin annobar wata mata ta zo min da kwalbar mijinta, ta ce ya rame, ba ya cin abinci, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ga bayan gida ya ɗaure, kwanan nan ma magana na rikice masa. Ta zaci suga ne. Na juya kwalbar, IU 50,000 ce kowace ƙwaya, irin wadda ake sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Shi kullum yake haɗiya da safe, wata da watanni, saboda wani saƙo da aka turo masa. Kalsiyam ya yi masa yawa a jini, ƙodarsa ta taɓu, sai da aka kwantar da shi ana ƙara masa ruwa.

Hajiya Rabi:
Subhanallahi. To Dakta, maigidana yana shan maganin hawan jini, kuma an taɓa cire masa tsakuwa a ƙoda. Shi ma 800 ɗin?

Dakta Hadiza:
A'a Hajiya, shi kada ya fara sai ya ga likitansa. Akwai magungunan hawan jini masu sa fitsari, dangin tayazayid, da ke sa ƙoda ta riƙe kalsiyam, in aka haɗa da bitamin D mai yawa sai ya hau. Yawancin tsakuwar ƙoda kuma da kalsiyam take haɗuwa. Haka mai shan digokzin na zuciya, da mai ciwon ƙoda da ya daɗe. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da waɗanda ya saya da kansa, a auna masa kalsiyam da aikin ƙoda tukuna. In an auna bitamin D ɗin, ku dubi ma'aunin da ke gefen lambar a takardar sakamakon. Wasu ɗakunan gwaji da nanogiram suke rubutawa, wasu da nanomol, kuma 20 a na farko ita ce 50 a na biyu.